Ɓarawo Mai Shuɗiyar Riga

Zamanin da Birnin Kebbi take ƙarƙashin Sakkwato, an yi wani mai tebur a unguwar Nasarawa ana ce masa Labbo. Goro yake sayarwa da ashana da sabulu, amma in ka tambaye shi sana'arsa sai ya gyara zama ya ce maka shi tsohon ma'aikacin tsaro ne. Gaskiyar maganar, ya taɓa zama ɗan doka a zamanin En'e, wata huɗu da 'yan kwanaki, aka sallame shi ranar da aka ba shi rakiyar wani ɗan kaso ya dawo da igiya kaɗai. Abin da ya rage masa na aikin shi ne usur guda ɗaya, wanda yake rataye a wuyansa ko masallaci za shi.

Kullum da hantsi sai ya bar tebur a hannun Allah, ya tsallaka wurin Tamba mai shayi, ya shiga koya wa mutane aikin 'yan sanda. Abin da ya fi tsone masa ido shi ne sigina, wato sanarwar da caji ofis yake bugawa ta oba-oba zuwa sauran ofisoshi idan an yi sata ko wani ya tsere.

"Siginar gwamnati tsohuwa ce mai ciwon ƙafa," in ji shi. "Kahin a rubuta, a kai ɗakin oba-oba, a buga, na can su kwafa, a karanta ma kurata wurin fareti, ɓarawo ya wuce Kamba ya shige Nijar. Ni tawa siginar bakin mutane ce. Direbobi, 'yan kamasho, masu hura. A sace allura a Nasarawa da hantsi, kahin azahar Argungu ta san launin zaren da ke cikinta."

Tamba ya ci gaba da firfita wuta, ya ce, "Mutumin nan da ya bar ka da igiya, siginar taka ta samo shi kuwa?"

"Lokacin ban kafa ta ba."

"To Allah shi kawo ɓarawon mu sha kallo."

Abin takaicin Labbo ke nan. Wata uku da kafa siginar, ko kaza ba a sace wa kowa ba a Nasarawa.

Ana nan sai surukinsa Maigandi, mahaifin matarsa Ma'u, ya aiko da injin ban ruwansa daga Gulma a gyara. Ɗan ƙaramin inji ne ja, shi ke shayar da albasar tsohon a fadama. Aka kai shi wurin Ayinde makaniki, wanda ya shekara ashirin a garin, shagonsa yana kallon teburin Tamba. Saƙon Maigandi gajere ne, don shi ba ya magana biyu: injin ya iso Gulma ranar Alhamis. Albasa ta fara kai, in ta wuce Juma'a ba ruwa, noman ranin bana ya tashi a banza, kuma da shi gidan yake ci.

Ranar Laraba da safe Ayinde ya gama gyara, ya tayar da injin a gaban Labbo, ya kashe, ya fito masa da shi ƙofar shago. Ma'u ta riga ta ja masa kunne tun a gida cewa daga shago sai tasha. Amma ƙamshin shayin Tamba ya tsallako titi, ga kuma baƙi biyu a kan benci da ba su taɓa jin labarin sigina ba. Labbo ya ce bari ya ɗan jiƙa maƙogwaro. Ya zauna ya ba titi baya, bai tashi ba sai da inuwar bencin ta koma ƙarƙashinsa.

Da ya waiga, shagon Ayinde a kulle, ƙofar shago wayam.

Gabansa ya faɗi, ya tuno fuskar Maigandi. Amma, Allah ya shirye shi, can ƙasan faɗuwar gaban akwai wani ɗan daɗi. Ga ɓarawo ya zo. Ya kai usur baki ya busa har kajin unguwa suka watse.

"An sace injin surukina. Na ga ɓarawon da idona, ya yi nan."

Tamba ya ce, "Da wane idon? Tun hantsi ni kake kallo."

"Ɗan doka shina da ido a ƙeya, Tamba. Ba irin aikin tafasa ruwa ba ne."

Ya zaga bayan shagon a guje, ya faɗa kwatami, ya tashi, ya miƙe caji ofis da farar rigarsa ta koma kalar ƙasa.

Wanda ya tarar a kanta shi ne Saja Atiku, dattijo mai sanyin magana. Ya buɗe littafi, ya rubuta launin injin da lambar da ke jikinsa, wadda Labbo ya karanto daga takardar da Maigandi ya haɗo da ita. Sannan ya ɗaga kai.

"Ka ce ka ga mutumin?"

"Har kokawa munka yi, ranka shi daɗe. Ga shaida nan a rigata."

"Tsawonsa?"

Nan ne Labbo ya gane cewa ƙirƙiro mutum daga babu ba ƙaramin aiki ba ne. Ya dubi rufin ofis, ba kowa a can. "Kamar tsawona haka."

"Gemu?"

"Ɗan tsirit. Kwatankwacin nawa."

"Sutura fa?"

Ya lalubo riga a cikin kansa, kuma rigar da ya fi sani a duniya ita ce ta fara zuwa. "Shuɗiyar riga mai aikin wuya fari. A kafaɗar hagu akwai tabon ƙuna, inda dutsen guga ya ci. Da jar hula, gefenta ɗaya ya ɗan koɗe."

Saja Atiku ya rubuta duka, ya ce, "Lallai ka ƙare masa kallo." Ya miƙa takardar ga mai oba-oba a ɗan ɗakinsa na gefe. Nan take Labbo ya ji ana kiran ofisoshi ɗaya bayan ɗaya, Argungu, Jega, Bunza, Yawuri, ana karanta musu jan inji da shuɗiyar riga, suna amsawa cikin ƙarar nan mai kama da suyar gyaɗa.

"Yanzu kowane ofis zai kwafa shi manna a allo, shi ba mutanensa na shingen hanya," in ji Saja. "Abu guda nika son ka riƙe, Malam Labbo. In injin ya bayyana ta kowace hanya, ka zo da ƙafarka ka sa hannu mu soke. Sigina ba ta mutuwa da kanta, sai an kashe ta."

"Ni za a koya ma sigina, ranka shi daɗe?"

Daga nan sai tasha, wurin Hodi shugaban 'yan kamasho. Labbo ya hau kan wata tsohuwar taya, ya busa usur, ya tara direbobin hanyar Argungu, ya zayyana musu ɓarawon tun daga hula har tabon kafaɗa. Da ya ga ana saurarensa, sai ya ƙara gishiri.

"Ku gaya ma 'yan uwanku na tashar Argungu, duk buhun da ya yi nauyi su ƙwanƙwasa shi. Kuma ku kiyayi bakinsa. Ɓarawon zamani zance gare shi. Zai ce muku shi ɗan uwan mai injin ne, ko suruki. Zai iya ce muku ma shi tsohon ɗan doka ne. Duk abin da ya ce, ku riƙe ƙugunsa."

Kafin la'asar mota shida ta tashi da labarin.

A gida kuwa Ma'u ba ta yi sha'awar jarumtar ba. Ta jiƙa farar rigar a baho, ta ce, "Ni dai albasar Baba nika ji. Kokawarka ba ta ban ruwa."

Washegari Alhamis, rana ta ɗan ɗaga, aka yi sallama a zaure. Labbo ya fita, sai ga Ayinde da baro, a cikin baron kuma ga jan inji yana ƙyalli.

"Malam Labbo, kai wane irin mutum ne? Ka bar injin mutane a rana ka je shan shayi. An zo kirana gyaran injin niƙa a Kalgo, na yi ta ɗaga maka hannu ba ka waigo ba, sai na mayar da shi ciki na kulle. Yanzu na dawo nake jin wai ka yi kokawa."

Labbo ya janyo baron cikin zaure da sauri ya saki labule. "Wa ya gan ka?"

"Ban sani ba. Ka je caji ofis ka gaya musu."

"Ayinde, don girman zumunci, ka yi shiru zuwa gobe."

Ayinde ya kaɗa kai. "Ba zan bi gari ina shela ba. Amma wanda ya tambaye ni, ba zan yi masa ƙarya ba." Ya bar masa aron baron ya tafi.

Ma'u na tsaye bayan ƙyaure, ta ji komai. "Maigida, ka tahi ka sa hannun nan, ka ɗauki inji ka hau mota. Kunyar rana ɗaya ce."

"In je in ce ma Saja da kwatami munka yi kokawa? Tamba shi samu abin zuba ma mutane a shayi har shekara? Saurari dabara. In kai injin Gulma a ɓoye, in dawo in ce na bi sawun ɓarawo har cikin fadama na ƙwace. Baba shi samu ruwa, ni in samu suna."

"Siginar fa?"

"Tsohuwa mai ciwon ƙafa? Ina Gulma ina cin tuwo kahin ta ɗaura zane."

Ya ɗauko babban buhu ya zura injin, ya kinkimo dusar awakin Ma'u ya ɗura a kai, ya girgiza, ya ƙara, har ta cika kowane lungu, buhu ya yi sumul. Wa zai tuhumi mai dusa? Ya nemi riga, fara tana kan igiya tana ɗiga. Ya ce a ba shi ta zaman tebur.

"Gidan surukai za ka da riga mai jirwayen goro? Ba da ni ba." Ta buɗe akwati ta fito masa da ta zuwa biki, da hularta. Shi kuwa hankalinsa yana kan hanyar da zai bi ya kauce wa tasha, ya zura, ya kafa hula, ya fita. Mai ƙarya da yawa ba ya tuna wadda ya yi jiya.

Ya bi ta lungu da baro. Buhun yana da 'yar huda, dusa tana zuba, kafin ya kai bakin titi awaki bakwai suna bin sa a layi. Ya kore su, suka dawo da ƙari. Kamar da gangan, lungun ya fito da shi daidai bayan teburin Tamba.

"A'a, Malam Labbo, an bar farautar ɓarawo an koma kiwo?"

"Aikin asiri ne. Ba a bayani."

"Awo. Ga kuratanka nan kuwa sun yi fareti."

A wajen gari ya ɓoye baron a gindin wata bishiyar bedi, ya tsayar da wata a-kori-kura da ta fito daga Jega, wadda direbanta bai san shi ba. Mutum uku suka ɗaga buhun da kyar. Direba ya ce bai taɓa jin dusa mai nauyin wannan ba. Labbo ya ce ta sabuwar shinkafa ce.

A bayan motar ba zancen da ake yi sai na ɓarawon inji. Labarin ya yi ƙiba a hanya. Yanzu ɓarawon yana da wuƙa biyu da layar ɓata, kuma ya kayar da wani tsohon ɗan doka a kwatami.

"Ƙarya ne," Labbo ya ce, don abin ya ci masa rai. "Ɗan dokan ne ya kayar da shi. Na san mutumin, namiji ne."

Wata tsohuwa mai kwandon kifi busasshe ta ce, "Ni dai abin da nij ji, shuɗiyar riga gare shi, da jar hula, da tabon dutsen guga a kafaɗa." Ta tsaya. Idonta ya sauka a kan hularsa.

Labbo ya sunkuyar da kai a hankali ya dubi kafaɗarsa ta hagu. Tabon yana nan inda Ma'u ta bar shi tun sallar bara. Ya dafe kafaɗar da hannu, ya ce zafi ya yi yawa yau, ya cire hula ya zauna a kanta, ya tuɓe rigar ya cusa ƙarƙashin cinya, ya rage daga shi sai singileti.

"Zafi da wagga iska?" in ji tsohuwar.

"Jinina ne haka, Inna."

Kusa da Argungu suka tarar da shinge. Wani kurtu ya leƙo da takarda a hannu, ya dubi fasinja ɗaya ɗaya, bai ga shuɗiyar riga ba, ya ga dusa tana zuba daga buhu, ya ɗaga musu hannu. Motar tana wucewa ran Labbo ya dawo jikinsa, har da murmushi. Ai ya faɗa, siginar gwamnati tsohuwa ce mai ciwon ƙafa.

Sai dai ba a shiga Argungu da singileti, garin da rabin mutanen Gulma suke cin kasuwa. In wani ya kai wa Maigandi labarin an ga surukinsa tsirara a tasha fa? Da aka sauke buhun ya mayar da riga, ya kafa hula, ya yafa ɗan mayafin goge zufa a kan tabon, ya shiga neman motar Gulma.

Wani rago da aka ɗaure a jikin turke ya shinshino dusa. Ya miƙa wuya ya ja bakin hudar, buhu ya yage, wani abu ja ya leƙo. Ɗan kamashon da ke kusa, wani ƙato mai suna Abdussamadu, ya matso ya ƙwanƙwasa buhun da ɗan yatsa kamar yadda aka aiko a yi. Buhu ya amsa da ƙarar ƙarfe. Ya dubi rigar, ya dubi hular, ya sa yatsa biyu ya ɗage mayafin.

Ya kama ƙugun wandon Labbo, ya kira 'yan uwansa ba tare da ya ɗaga murya sosai ba. "Ku zo, ga baƙonmu ya iso."

"Sakar ni, bawan Allah. Ni surukin mai injin ne."

Tasha ta ɗauki dariya. "Haka anka ce za ka ce."

"Ni tsohon ɗan doka ne, ga usur ɗina."

"Shi ma an aiko da shi. Saura mi?"

"Ni ne na aiko muku da saƙon!"

Abdussamadu ya jinjina kai. "Wanga kam sabo ne. Lallai an ce zance gare ka."

Haka aka rako shi caji ofis, ƙafarsa tana taɓa ƙasa sama-sama, buhu a kan mutum biyu, tsohuwa mai kifi tana biye tana gaya wa kowa cewa ita tun a mota jikinta ya ba ta.

Kofur Kalilu ne a bakin aiki. Ya ciro kwafin sigina daga allo, ya sa aka zazzage buhu, ya share dusa daga jikin injin ya gwada lamba. Ta yi daidai. Ya gwada riga, hula, gemu, tabo. Ya ce tunda ya fara aiki bai taɓa ganin siginar da ta dace da mutum haka ba, wanda ya ba da kwatancen nan ya cancanci yabo.

"Na gode," in ji Labbo, kafin ya tuna. "Yallaɓai, ni ne mai ƙarar."

"Mai ƙara shina Birnin Kebbi. Yanzu za mu buga a turo shi shi shaida kayansa da ɓarawonsa."

"Ba za a same shi ba."

"Don mi? Wani abu ka yi masa?"

Aka zaunar da Labbo bayan kanta. Yana ji mai oba-oba ya kira Birnin Kebbi, kuma kafin a ƙirga goma aka amsa. Tsohuwa mai ciwon ƙafa ashe tana da gudu. Ya zauna jiran mai ƙara, rana tana tafiya, yana tuna albasa tana can tana sunkuyar da kai. Wannan karon tsoron na gaske ne, babu daɗi a ƙarƙashinsa.

A Birnin Kebbi aka aika gidan Labbo, Ma'u ta ce maigidan ya yi tafiya. Saja Atiku ya ce to ta zo ita, tunda kayan mahaifinta ne, a zo da makanikin da ya gyara. Kafin ta yafa mayafi Nasarawa ta ji an kama ɓarawon da ya yi kokawa da Labbo. Wa zai bari a ba shi labari? Hodi ya ba da bas guda, Tamba ya kashe wutarsa, mutum goma sha takwas suka cusu. Ayinde ya zauna a gefen taga bai ce uffan ba, don har lokacin ba wanda ya tambaye shi.

Bayan la'asar suka iso, har da Saja Atiku. A ƙofar ofis suka tarar da Maigandi da sandarsa, don siginar Labbo ta kai Gulma tun jiya, tsohon bai iya zama ba. Aka taru a filin ofis, aka ajiye injin a tsakiya, Kofur Kalilu ya ce a fito da wanda ake tuhuma.

Labbo ya fito da hula a kan fuska. Kofur ya ɗage ta.

Tamba ne ya fara magana, a hankali. "Malam Labbo, ashe da kanka kunka yi kokawa. Wa ya kayar da wani?"

Dariyar da aka yi har mai oba-oba ya leƙo. Kofur ya daka tsawa, ya juya ga Ma'u, don aiki sai an bi shi daki-daki. "Malama, kin san wanga mutum?"

Ma'u ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. "Rigar dai na san ta, Yallaɓai. Ni na ƙona ta."

Saja Atiku ya tambayi Ayinde, Ayinde ya faɗi komai tun daga shayi har baro. Saja ya zaro takarda ya ba Labbo ya sa hannu, sannan ya tsaya a ƙofar ɗakin oba-oba ya yi shifta da muryarsa mai sanyi, kowa yana ji.

"Zuwa ga dukkan ofisoshi. A soke siginar jiya. An samu inji. An samu ɓarawo. An samu mai ƙara. Mutum ɗaya ne."

"Ranka shi daɗe," Labbo ya ce da ƙaramar murya, "ba a iya cire layin ƙarshen?"

"Ba a iyawa. Dole kowane ofis shi san dalili, kada gobe a kama wani bawan Allah mai shuɗiyar riga a Yawuri."

Hodi ya ce, "Ta gwamnati kam an soke ta. Taka fa, Malam Labbo, wa zai soke ta? Direbobina sun kai ta har Dosso."

Duk wannan abin Maigandi bai yi dariya ba, bai kuma dubi surukinsa ba. Injinsa yake kallo. Ya ce wa Ayinde, "Tayar min da shi in ji."

Ayinde ya ja igiya, shiru. Ya sake ja. A karo na uku injin ya yi tari, ya fesa dusa a fuskar Labbo, ya mutu. Ayinde ya buɗe murfin tanki ya leƙa, ya buɗe wurin shan iska, ya zazzago dusa cike da tafin hannu.

"Baba, ta shiga ko'ina. Sai na kwance shi gaba ɗaya na wanke. Kwana uku, in Allah ya so."

"Gobe Juma'a," in ji Maigandi.

Ba wanda ya yi dariya a nan. Ma'u ta juya baya tana share ido da bakin mayafi. Saja Atiku ya yi gyaran murya ya ce akwai sauran magana, domin kawo wa hukuma rahoton ƙarya laifi ne, yana iya sa Labbo ya kwana biyu a hannunsu.

Sai a lokacin Maigandi ya dubi surukinsa, tun daga jar hula har ƙafa, irin kallon da ake yi wa sa a kasuwa.

"Yallaɓai, ku yi min alfarma ku ba ni shi. Ni nika tsaya masa. Ina da wurin da zan aje shi."

A bakin fadamar Maigandi akwai tsohon jigo, doguwar sandar nan mai guga a gaba da curin laka a baya, wanda aka daina taɓawa tun da inji ya zo. Juma'a da sassafe aka ɗaura masa sabuwar igiya. Labbo ya tsaya a bakin ruwa da singileti, ya ja guga ƙasa, ya ɗago, ya juye a kwalbati, ya sake. Fagen albasa ɗari da wani abu ne, kowanne yana jiran rabonsa. Kafin azahar tafin hannunsa ya yi ruwa. Ranar Asabar bayansa ya ƙi miƙewa. Usur ɗin ma an samar masa aiki, Maigandi ya karɓa yana busawa daga inuwa duk lokacin da guga ta daɗe ba ta taso ba.

Amma bakin bai mutu ba. Duk manomin da ya ratso, Labbo zai tsayar da guga ya bayyana masa cewa, in an duba da kyau, shingen gwamnati ya wuce shi lafiya, siginarsa ce ta yi kamun.

Albasa ta sha, ba ta ƙoshi ba, amma ta ɗaga kai. Ranar Lahadi da yamma wani maƙwabcin gona ya tsaya wurin Maigandi, ya daɗe yana kallon jigo yana hawa yana sauka, ga muryar Labbo tana tashi har tsallaken ruwa.

"Maigandi, yaya sabon injin naka?"

Tsohon ya ɓare goro ya ba shi rabi. "Ya fi tsohon ƙara," ya ce. "Ruwan ne dai kaɗan."